Turancinmu: Hausa ce sanye da kwat

Mu 'yan Adabka da ke Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, da maƙwabtanmu na Gummi da Anka, ba mu tashi da Turanci a baki ba. Da Hausa ake ciniki a kasuwa, da ita ake wa'azi, da ita ake faɗa kuma ake sulhu. Turanci a allon aji muke ganinsa, shi ma sau da yawa da Hausa malami ke warware mana shi. Ga kuma abin da ya faɗa wa tsararmu: a watan Satumba na 2021, muna tsakiyar karatun sakandare, aka rufe makarantun Jihar Zamfara, aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro. Muka zauna gida, ba aji, ba intanet.

Sai dai jarrabawa ba ta tambayar garin da mutum ya fito. Wanda bai samu kiredit a Turanci ba a WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. A jarrabawar JAMB kuwa, tambayoyi 60 daga cikin 180 na Turanci ne, kuma wajibi ne a kan kowa, ko likita yake son zama ko lauya. Muna da abokai masu kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi da kimiyya waɗanda Turanci kaɗai ya zaunar da su. Mu da Allah Ya sa muka tsallake zuwa jami'o'in Gusau da Talata Mafara da Sakkwato, sai muka tarar da wani shingen, wato shiru. Ɗalibi ya san amsa sarai, amma ba zai ɗaga hannu ba, don gudun kada ya furta jimla a kwashe da dariya.

A hirarmu ta ɗakin kwana muka fara tattara jimlolin da ake yi wa dariyar, muna rubuta su a bayan littafi. Abin da muka gano ya ba mu mamaki. Ba barkatai suke ba. Kusan dukkansu suna bin 'yan hanyoyi ƙalilan, kuma kowace hanya idan ka bi ta, a ƙofar nahawun Hausa take ɓullewa. Kalmomin na Turanci ne, amma ginin na Hausa ne.

Hanya ta farko, wadda ta fi kowace faɗi, ita ce ta lokaci. A Hausa, ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ce ke ɗauke da lokaci: na sha, zan sha, nakan sha, ina sha. "Sha" yana nan inda yake, bai motsa ba. Turanci kuma cikin aikatau ɗin kansa yake cusa lokacin: "go" ya koma "went", "eat" ya koma "ate". Shi ya sa Bahaushe ke cewa "yesterday I go", domin a wurinsa "jiya" ta riga ta gama bayani. Wanda ya fara lura da wannan kuma sai ya wuce gona da iri, ya ce "did you went?" Alhali "did" ta riga ta ɗauki nauyin shuɗaɗɗen lokaci, kamar yadda "na" ke yi a Hausa, don haka aikatau sai ya koma yadda yake: "did you go?"

A nan ne kalmar "ina" ke yi mana wasa da hankali. Mun haddace cewa "ina" ita ce "I am", to amma "ina" ta Hausa ta fi ta Turanci faɗin gona. Muna cewa ina da 'yan'uwa uku, ina son ruwa, ina jin ka. Sai su fito a matsayin "I am having three brothers" da "I am hearing you". Turanci ba ya son ƙara "ing" a kan aikatau na mallaka ko sani ko so ko ji. "I have", "I know", "I want", "I can hear you", shi ke nan. Wata dabara da ta taimake mu ita ce mu tambayi kanmu: "nakan" muke nufi ko "ina"? Idan abu ne na sabo, nakan tafi masallaci, to "I go" ne. Idan yanzu ake cikin yin sa, to "I am going" ne.

Hanya ta biyu ita ce kalma ɗaya ta Hausa da Turanci ya raba ta gida-gida. Ɗauki "ji". Muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin Larabci. Bature yana da kalma daban ga kowanne: "hear", "smell", "feel", "understand". Haka "sha": muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan mangwaro, wasu suna shan taba. A Turanci ruwa ne ake yi wa "drink", magani "take", mangwaro "eat", taba "smoke". Shahararriyar jimlar nan ta kowane aji, "borrow me your pen", ita ma daga nan ta fito. "Ara mini" da "na ara" tushensu ɗaya a Hausa, amma Turanci ya ba mai bayarwa "lend", ya ba mai karɓa "borrow".

Hanya ta uku ta jam'i ce. Muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, sai muka ɗauka dole a samu "advices" da "informations" da "equipments". Turanci yana kallon waɗannan kamar yadda muke kallon gari ko ruwa, abin da ake auna shi, ba a ƙirga shi. Haka kuma kowane abu a Hausa ko shi ne ko ita ce, mota ita, littafi shi, don haka "it" ke kuɓuce mana. Amma a nan Hausa ce ta fi wadata: muna da kai da ke da ku, inda Bature ke fama da "you" guda ɗaya tal.

Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce ta huɗu, domin tana iya juya ma'ana gaba ɗaya. Idan aka tambayi Bahaushe, "Ba ka sha maganin ba?" kuma bai sha ba, zai ce, "E." Yana tabbatar da maganar mai tambaya ne. A Turanci idan aka ce "Haven't you taken the medicine?" ka ce "yes", to ka ce ka sha ke nan. Amsar Turanci tana bin abin da ya faru ne, ba ta bin siffar tambayar: ka sha, "yes", ba ka sha ba, "no". Ku duba abin da wannan zai iya haifarwa tsakanin likita da mara lafiya, ko a gaban alƙali, ko wurin ganawar neman aiki. A cikinmu akwai masu karatun jinya da harhaɗa magunguna, su suka fara ja mana kunne a kai. Maganinsa shi ne a cika jimlar: "No, I haven't."

Ba duk abin da ya saɓa wa Turancin Ingila ne abin kunya ba. "I am coming" da muke faɗa muna fita, "ina zuwa" ce. "Well done" da muke gaida mai aiki da ita, "sannu da aiki" ce. "Sorry" da muke ce wa wanda ya yi tuntuɓe, "sannu" ce. Waɗannan tarbiyyarmu ce ta shiga bakin Turanci, kuma duk ɗan Najeriya yana gane su. A watan Janairun 2020, ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Turancin Najeriya, ciki har da "Kannywood" da "next tomorrow", wato jibi. Amma shigar kalma ƙamus daban, alƙalamin mai duba takardar WAEC daban. Abin da ake bukata shi ne mutum ya san wurin da kowanne ke aiki.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne gare mu Zamfarawa. A gida "tahiya" muke cewa, da "hwari", da "wanga". A takardar jarrabawar Hausa kuma mu rubuta "tafiya" da "fari" da "wannan", ba tare da mun ji an rage mana daraja ba. Tun muna yara muke riƙe da Hausa iri biyu, kowace da muhallinta. Wanda ya iya wannan, riƙe Turanci iri biyu ba zai gagare shi ba.

Don haka, ƙannenmu da ke ajin ƙarshe na sakandare a Bukkuyum da Gummi da Anka, idan malami ya ja jan layi a ƙarƙashin jimlarku, kada ku tsaya ga haddace gyaran kawai. Ku mayar da jimlar Hausa, ku ga daga wace hanya ta fito. Gyaran jimla ɗaya jimla ɗaya yake gyarawa, amma gane hanya ɗaya yana gyara jimloli masu tarin yawa. Ku samu ƙaramin littafi, shafi ɗaya ga kowace hanya, ku riƙa cika shi da misalan da kuke ji a aji da rediyo. Sannan ku buɗe baki ku yi magana, ko da za a yi dariya. Matambayi ba ya ɓata, kuma mai dariyar ma, idan kuka saurare shi da kyau, za ku ji harshen uwarsa yana leƙowa ta cikin nasa Turancin.