Daga Tudu zuwa Gaɓar Teku: Ina Hanyar da Ta Fi Sauri?

Idan dogon hutun 'yan makaranta ya zo, magidanta da yawa daga Paraku da Jugu kan yi haramar kai iyalansu kudu, domin yara su ga teku da idonsu. Tafiya ce mai nisa. Daga Paraku zuwa Kwatano ya haura kilomita 400, daga Jugu kuwa, ta Savalou da Dassa, ya fi haka. Jirgin ƙasan da ya iso Paraku tun 1936 ya daɗe da daina ɗaukar fasinja, saboda haka sai a hau kar da asuba a sauka da yamma. Mai kwana huɗu a hannu ya riga ya ba hanya biyu. Tambayar ita ce yadda zai ci moriyar biyun da suka rage.

Abu na farko da ya kamata baƙo ya sani shi ne, gaɓar tekun Benin gajera ce, kimanin kilomita 125 daga iyakar Nijeriya zuwa ta Togo, kuma babu tsibiri ko ɗaya a cikin tekun. Babu kuma jirgin fasinja da ke bin teku daga wannan gari zuwa wancan, domin igiyar ruwan bakin gaɓa tana da ƙarfi ƙwarai. Ita ce ta tilasta wa Faransawa gina doguwar gadar ƙarfe cikin teku a Kwatano a ƙarshen ƙarni na 19, kafin a buɗe tashar jiragen ruwa a 1965. Tsibiran ƙasar nan suna bayan zirin yashin da itatuwan kwakwa suka lulluɓe, cikin tafkuna da bakunan koguna. Don haka dabarar ɗaya ce: tsawon gaɓa a bi shi da mota, ƙetare kuwa a bar wa kwalekwale.

A fara da Ganvié, garin da Tofinu suka kafa a kan turakun itace cikin tafkin Nokoué, lokacin da suke gudun mafarautan bayi na Dahome. Mashigarsa tana Abomey-Calavi, arewa da Kwatano, daga nan kuma kimanin kilomita 8 ne a kan ruwa. Kwalekwale mai inji kan ci su cikin rabin sa'a ko ƙasa da haka, na tuƙi da hannu kuwa ya fi sa'a guda. Wanda ya shiga da hantsi zai tarar da ruwa a kwance, da kasuwar mata cikin kwalekwale tana ci, da masunta suna kewaya akaja, wato shingen rassan da suke kafawa domin kifi ya taru. Bayan azahar iskar teku kan taso, ruwa ya fara tsalle, yara su firgita.

Akwai wani abin da zai ba ɗan arewa sha'awa. Ruwan da ke cika wannan tafki namu ne. Kogin Ouémé daga duwatsun Tanéka na kusa da Jugu yake tasowa, ya ratsa Bétérou, ya karɓi Okpara da Parakawa ke sha, sa'an nan ya gangara. Daminar da muka yi a Agusta ita ke isa kudu a Satumba da Oktoba. A lokacin ne wata irin kainuwa mai shuɗin fure ke rufe hanyoyin ruwa, ta sarƙe farfelar inji, tafiyar rabin sa'a ta ninka. A lokacin ne kuma ambaliya ke mamaye tsibiran Aguégués, waɗanda ake shiga daga mashigar Djassin ta Porto-Novo, kilomita 30 gabas da Kwatano. Mai niyyar zuwa can ya kwana da sanin wannan.

Ta yamma kuwa, Wida tana kilomita 40 daga Kwatano, Grand-Popo kuma wajen 80, duk a kan babban titin Lome. Idan an fita kafin cunkoson safiya na Godomey, ana iya tsayawa a Wida a ga Ƙofar Tafi-ba-Dawowa, wadda aka gina a 1995 domin tunawa da bayin da aka loda a jiragen Turawa, a kuma yi azahar a Grand-Popo. Daga can kwalekwale ke bin kogin Mono, tsakanin ƙananan tsibirai da ƙauyukan masu dafa gishiri, har zuwa Bouche du Roy, inda kogi ke haɗuwa da teku. UNESCO ta sa wannan yanki cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu a 2017. Wurin yana da kyau, amma a nan ne ruwa biyu ke karo, kuma bakin kogin kan sauya wuri. Matuƙi ɗan ƙasa shi ya san inda ake tsayawa.

Ya 'yan uwa, a nan ne maganar take. Mu mutanen tudu ne, yawancinmu ba mu iya iyo ba, balle matanmu da 'ya'yanmu, ga manyan riguna da mayafai masu nauyi idan sun jiƙe. Kada maigida ya yarda a cusa iyalinsa cikin kwalekwalen da ya riga ya cika don gudun jiran na gaba. Ya nemi rigar ceto ga kowa kafin a tada inji, ya daidaita kuɗin zuwa da dawowa tun a tudu, ya kuma tabbata an fito ruwa kafin magariba. A bakin teku kada yaro ya wuce inda ruwa ke taɓa idon sawu, domin igiyar da ke komawa takan ja har babban mutum. A cikin gari ma, zemijan ya fi kowa sauri, amma ba a ɗora masa uwa da yara biyu ba tare da hular kwano ba.

Saurin gaske a wannan tafiya daga sammako yake fitowa, da kuma tsara wuri ɗaya ga kowace rana: yau tafki, gobe yamma. Wanda ya so haɗa Ganvié da Grand-Popo a yini guda, sauri zai haifa masa nawa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.