Kan Jirgin Alhaji

Waɗanda suka ga ɗan yatsana a naɗe da bandeji bayan hutun da ya wuce sun yi ta tambayata ko faɗa na yi. Ba faɗa ba ne, gwangwani ne ya yanke ni, kuma ga yadda aka yi.

Gidanmu a Yakasai yake. Kakana, wanda kowa yake kira Alhaji, ya yi aikin reluwe tun yana saurayi har ya yi ritaya. Ya fara ne da zuba kwal a wutar kan jirgi, daga baya ya zama direba. Yanzu idonsa ya tafi, sai dai ya gane haske da duhu. Kullum bayan la'asar yana zaune a soro, ni kuma nake miƙa masa buta da rediyo. Da yake ni jikansa ne, ba ma rabuwa da tsokanar juna. Ni dai a wurinsa sunana Malalaci.

Rannan ya ji ƙarar motar langa-langa da na ƙera wa ƙanena, sai ya ce a miƙo masa. Ya shafa ta, ya ce, "Malalaci, kowane yaro a Kano ya iya mota. In kai gwani ne ka yi mini kan jirgi." Na ce, "Alhaji, ai ko kwana biyu ba zai ɗauke ni ba." Da na san abin da ke gabana da ban cika wannan bakin ba.

Na samo gwangwanayen madara da na man gyaɗa, na yanka, na lanƙwasa, na sa marafan robar lemo guda huɗu a matsayin taya. Na kai masa ina taƙama. Ya juya shi a hannu, ya ƙirga tayoyin da yatsa, ya fashe da dariya har da tari. Wai wannan akwatin burodi ne. Nasa kan jirgin taya goma sha biyu gare shi, shida a gaba shida a baya, kuma kowane shida suna kan wani gado nasu da yake juyawa idan an zo kwana. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, amma daga nan hira ta ɓarke.

Ya ce jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, kuma shi ne ya riƙa kwashe gyaɗar da ake tarawa dala-dala zuwa Ikko. Na farkon duk masu kwal ne, kwal ɗin kuma daga Inugu ake kawo shi. Mai kwal ba ya tafiya sai da ruwa, shi ya sa dole a yi ta tsayawa a tasha ana ba shi. A 1955 aka fara kawo masu amfani da man gas, ƙirar kamfanin English Electric na Ingila. Bayansu aka kawo na General Motors daga Amurka, samfurin da ake kira G12, mai silinda goma sha biyu. Shi ne na Alhaji. Daga baya ya ga na Kanada, na Sin kuma sun zo ne bayan ya bar aiki. Ya ce ranar da ya fara hawa G12 ya koma gida da farar rigarsa fara tas, har kakata ta tsare shi da tambaya, wai ina ya je in ba aiki ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ashe injin ba shi ne yake juya tayoyin kai tsaye ba kamar na mota. Injin yana juya wani ƙaton janareta ne, janaretan ya ba da wuta, wutar ta tafi ga wasu motocin lantarki da suke maƙale a jikin tayoyi. Ke nan kan jirgi tashar wuta ce mai tafiya. Kuma akwai akwatin yashi a jikinsa. Idan damina ta jiƙa dogo taya ta fara santsi, sai direba ya saki yashi a gabanta. Alhaji yana ba da wannan labari yana lissafa tashoshin hanyar Zariya, su Chalawa da Madobi da Dangora, hannunsa yana motsi kamar yana riƙe da birki.

Da daddare na roƙi Yaya ya ara mini wayarsa don in ga hoton G12. A nan na gano wata duniya da ban san da ita ba. Ashe a ƙasashen waje akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki, kuma ba yara kaɗai suke saya ba, har dattawa masu furfura. Akwai Märklin na Jamus, wanda aka kafa tun 1859, akwai Lionel na Amurka, da Hornby na Ingila, da Kato na Japan. Ba da ka suke yin aikin ba. Suna da ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa ana kiransa HO, inda ake raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 87 a ɗauki ɗaya, faɗin dogonsa kuma milimita 16.5 ne. Har na ga wani kamfani a Brazil mai suna Frateschi da yake ƙera ƙaramin G12. Na yi ta murna, sai Yaya ya duba kuɗinsa da na kawowa ya mayar da su naira, ya karɓe wayarsa bai ce komai ba. Na bincika iya iyawata ko zan ga mai tambarin reluwen Najeriya, ban gani ba.

Amma na tsira da abu ɗaya, wato ma'auni. Ashe abin da ya sa nawa ya zama akwatin burodi ba tayoyi ba ne kawai, komai nasa bai dace da komai ba. Malam ya koya mana wannan lissafin a zangon farko, na ci uku cikin goma. (Malam, a yi haƙuri, yanzu na gane.) Tayar G12 ta kai kusan mita ɗaya, marfin robar lemo kuma santimita uku da ɗan wani abu. Don haka na zaɓi in raba komai gida 30. Faɗin tsohon layin dogonmu milimita 1,067 ne, ba kamar sabon na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba, wanda yake 1,435. Da na raba 1,067 gida 30 sai na samu kusan milimita 36. Tsawon kan jirgin kuma ya kama wajen santimita 45. Wannan ne karo na farko da na yi lissafi ba don tsoron bulala ba.

Sati uku na yi ina fama. A ciki ne bakin gwangwani ya tsarge mini yatsa, jini ya ɓata tabarmar Umma. Da muka dawo daga kemis ta tattara kayan ta ce kada ta sake ganin almakashi a hannuna. Alhaji ne ya aika a kira ta. Ban ji duk abin da ya faɗa mata ba, na dai ji ya ce babu wanda ya taɓa zama ya tambaye shi aikinsa sai wannan yaron. Washegari ta dawo mini da kayan, da sharaɗin wani mai dalma na bakin Kasuwar Kurmi ne zai riƙa yi mini yankan, ni in auna in zana.

Ranar da na gama na kai masa soro gabana yana faɗuwa. Ya fara daga ƙasa. Ya ƙirga taya goma sha biyu, ya murɗa gadajen biyu ya ji suna juyawa. Ya bi dogon hancin da yatsa har ya iso ɗakin direba, ya zura yatsa ta tagar, ya daɗe a haka bai yi magana ba. Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na yi kamar ina gyara buta. Can ya ce, "Malalaci, ina akwatin yashi? Haka za ka hau gangaren damina?"

Jirgin yana ofishin kulob ɗin 'yan jarida har zuwa ranar Alhamis ga mai son gani, amma don Allah a riƙe shi ta ƙasa, bakin rufin yana da kaifi. Ranar Juma'a zan mayar da shi gida in sa masa akwatin yashi. Sai kuma taragu, Alhaji ya ce guda goma yake so, na ɗaukar gyaɗa. Duk wanda ake shan madarar gwangwani a gidansu ya taimaka ya tara mini, ina aji biyu, kujerar kusa da taga.