Daren da Makirufo Ya Fi Ƙarfina

Shekara tara ke nan ina zama gaban makirufo. Kullum da safe nakan gai da mutanen Nima da Maamobi da Sabon Zango, in karanta labarai, in amsa wayar masu saurare, ban taɓa jin muryata ta yi rawa ba. Amma akwai wani dare a Osu da aka miƙo mini makirufo a gaban mutum huɗu kacal, na rasa abin faɗa.

Mu biyar ne, tun makarantar allo muke tare. Ɗayanmu tela ne, ɗaya direban tasi, ɗaya malamin firamare, sai ni, sai wanda muke kira Mai Albasa. Mahaifinsa mutumin Galmi ne ta ƙasar Nijar, ya shekara fiye da talatin yana sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie. A farkon watan Yuli na 2021 aka tashi 'yan albasa daga nan, aka mai da su Adjen Kotoku, can gaba da Amasaman, aka kuma rushe filin 'yan gwangwan da ke kusa. Matan da suka saba sayen buhu ɗaya ko rabi a wurin tsohon suka ga kuɗin mota ya cinye ribar, suka daina zuwa. Bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa. Abokinmu ya riƙe rumfar iya ƙarfinsa, daga baya ya yanke shawarar tafiya Galmi ya noma gonar gado, garin da sau uku kawai ya taɓa takawa.

Telan ne ya kawo shawarar mu yi masa ban kwana a gidan karaoke, irin wanda ake ba ku ɗaki ku kaɗai. Malamin firamare ya ce shi ba ya shiga mashaya. Aka yi ta ja-in-ja har aka daidaita: sai mun yi sallar isha'i, kuma lemo da tsire kawai za a kawo mana. Muka yi karo-karo, muka cunkusa cikin tasin abokinmu.

Ɗakin bai fi shagon telan girma ba. Doguwar kujera, talabijin a bango, makirufo biyu. Da yake ɗan jarida ba ya rasa surutu, na fara ba su tarihi: a Japan abin ya samo asali, wani makaɗi mai suna Daisuke Inoue ya haɗa na'urarsa a birnin Kobe a 1971, bai kuma yi mata rajistar mallaka ba, sai wasu suka kwashe arzikin. Mai Albasa ya yi dariya ya ce, "To ashe ɗan'uwana ne."

Muka shiga neman waƙa. Ga na Turanci, ga na Sinanci da na Koriya, ga 'yan kaɗan na Tuwi. Muka rubuta Shata, babu. Ɗan Maraya Jos, babu. Barmani Choge, babu. Da babu gara ba daɗi, sai muka kama waƙoƙin Daddy Lumba da Amakye Dede da muka tashi muna ji a cikin tarotaro. Direban ya haɗa wayarsa da lasifika ya sako VIP, 'yan unguwarmu na Nima, har malamin da ya ƙi zuwa ya miƙe yana taka rawa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Mai Albasa ya kashe na'urar. Ya riƙe makirufo ya rera waƙar da masu sauke buhuna ke yi da asuba idan motar Nijar ta iso Agbogbloshie, ɗaya ya bayar, saura su amsa. Babu kiɗa, babu rubutu a talabijin. Su ukun suka amsa masa, domin duk mun yi dako a rumfar tsohon lokacin hutun makaranta. Da ya gama ya miƙo mini ya ce, "Malam na rediyo, saura kai."

Nan ne bakina ya mutu. Ranar da aka tashi kasuwar, ni na karanta labarin a tasharmu. Na karanta shi da murya mai kyau, kamar yadda aka koya mana a makarantar aikin jarida, na wuce zuwa labarin wasanni. Ban je na ga tsohon ba sai bayan sati uku, mutumin da ya sha ba ni kuɗin koko da ƙosai. Na ce aiki ne ya riƙe ni, alhali kunya ce: ban san abin da zan gaya masa ba. Wannan abu ya daɗe yana cina.

Na ajiye makirufon a kan tebur na faɗa masa haka, da muryata ta gida. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, Baba ya ji ka a ranar. Cewa ya yi, ko ba komai ɗanmu ne ya faɗa. Ci tsirenka kafin ya huce."

Ma'aikacin ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce lokacinmu ya cika. Bayan kwana biyu muka raka abokinmu Adjen Kotoku, ya hau gaban motar da ta sauke albasa za ta koma arewa.

Har yanzu nakan gai da shi a shirina na safe, ko da yake tasharmu ba ta kai Galmi. Kuma duk ranar da aka kawo mini labarin rushe wata kasuwa, idan na tashi aiki nakan shiga mota in je in ga masu rumfunan da idona. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa damina ta yi wa ɗansa albarka.