Ajamin da Na Rubuta a Baibai

A watan Fabrairun 2020, lokacin da gwamnatin Kano ta hana bara a kan titi, wata ƙungiya ta kawo mini aikin fosta. Zane a kwamfuta ne sana'ata. Na shekara da shekaru ina haɗa katin biki da kalandar 'yan siyasa, yau ga aikin da zan bugi ƙirji in ce na yi wa al'umma. Tun kafin a ba ni kafin alƙalami kaina ya kumbura.

Na samo hoton yaro riƙe da robar bara, na dusashe launinsa don ya ƙara ban tausayi. A sama na rubuta da manyan baƙaƙen boko: "A ceto almajiri daga jahilci." Sai wata dabara ta faɗo mini, in maimaita maganar a ƙasa da ajami, don malaman tsangaya su san da su ake. Ai ni ne mai yawan mita a kan cire ajami da Babban Banki ya yi daga ƙananan takardun naira a 2007.

Wani abokina ya buga mini ajamin a waya, na kwafa na liƙa. Duk mai wannan sana'a ya san halin manhajar zane: in ba a kunna mata tsarin rubutun Larabci ba, sai ta tsinke haruffan, ta jera su daga hagu zuwa dama, kowanne yana zaman kansa. Na sani sarai, har na taɓa yi wa wani dariya a kan haka. Amma a daren nan lanƙwasar haruffan nake kallo, da yadda ruwan zinarensu ya hau kan kore. Ban karanta ba. Aka buga, aka liƙa.

Bayan kwana uku, a teburin mai shayi, na ga wani almajiri ya ƙura wa fostar ido. Na matsa ina murmushi.

"Ɗan malam, ka iya karantawa?"

"Na saman ban iya ba, Malam. Na ƙasan kuma ba rubutu ba ne." Ya ɗora yatsa a dama, ya gwada haɗa baƙi, ya kasa. Ya koma hagu, sai ya tuntsire da dariya. "A baibai ne! Wanda ya rubuta wannan bai yi allo ba."

Na tsaya riƙe da kofi, shayin na hucewa. Na yi allo, har izu goma na kai. Da na duba layin nan sau ɗaya da niyyar karatu, da na gani. Ban duba ba domin a raina ban taɓa ɗaukar ajamin saƙo ba, ado na ɗauke shi, kamar zanen bakin riga. Mutanen da na ce don su na rubuta, ban ma zaci za su karanta ba. Ga kalmar "jahilci" ɓaro-ɓaro a saman kan yaron, ga shi yana gyara mini rubutu. Ban ce masa ni ne ba. Na saya masa shayi da burodi na sulale.

Da kuɗina na sake bugawa. Kafin nan na kai wa wani alaramma ya duba. Ya gyara wasali biyu, sannan ya sa na karanta masa na boko.

"Yaron da ya haddace izu talatin," in ji shi, "shi ne jahilin?"

Na karɓi takardata, na koma shago na goge layin.