Gidan Sori: hanyar lafiya a bi ta da shekara

A wannan mako tafiya ta kai mu Gidan Sori, cikin ƙasar Gobir, gundumar Gidan Rumji. Mun bar Maraɗi da sanyin safiya, muka ratsa Tsibiri, muka yi yamma ta kwarin Gulbin Maraɗi. Abin da ido ke gani bai wuce gonakin hatsi da wake ba, sai amalanken shanu da jajayen awaki. Baƙo zai ce ƙauye ne kamar kowane. Amma wannan yanki, tun daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, tsohuwar ƙofa ce tsakanin Azbin da manyan biranen Hausa.

Ta wannan ƙofa ayarin Abzinawa ke gangarowa da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da turkuɗin Kano. Goro na zuwa daga Gwanja bisa jakuna bayan tafiyar watanni. Jajayen fatun awakinmu kuwa har Tarabulus ake kai su, Turawa su saya da sunan fatar Maroko. Madugu ke jagorancin ayari, shi ke shirya kuɗin fito da sarakunan hanya. A zango mai masauki ya sauki baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Babu banki, babu takardar shaida: maganar mutum ita ce jinginarsa.

A ƙarni na 18 Katsina ce babbar kasuwar wannan fatauci. Da jihadi ya zo, Katsina ta faɗi a 1807, Alƙalawa a 1808. Sarakunan Katsina suka kafa gadonsu a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri a 1836 ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Daga nan aka shiga shekaru na hari da ramuwa tsakaninsu da daular Sakkwato. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya biyo ayarin gishiri a watan Janairu na 1851, ya ratsa Tasawa, ya tarar da Gazawa kewaye da kafi, dajin da ke tsakaninta da Katsina kuwa kowa na fargabar shigarsa. Fatake ba su yi gardama da kowa ba, hanya suka sake. Da yawa suka koma bin Damagaram, Kano ta gaji kasuwar Katsina.

Zuwan Nasara ya sake juya al'amarin. Faransa da Ingila suka ja iyaka a 1906, ta raba wa da ƙane. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya wa hamada baya suka fuskanci teku, raƙumi ya rasa aikinsa. Sai zamanin gujiya, wadda kamfanin SONARA ya riƙe cinikinta daga 1962, wadda kuma a cikinta da yawa daga Alhazan Maraɗi suka fara tara jari. Da fari na 1973 da 1974 ya karya gujiya, suka juya ga shige da ficen kaya zuwa Nijeriya. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986. An karya darajar sefa a 1994. An sake rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, sannan daga 2023 zuwa watan Maris na 2024. Kowane karo an sha wuya, amma ciniki bai mutu ba, domin mai saye da mai sayarwa harshensu ɗaya, sau da yawa ma kakansu ɗaya.

Abin da rufe iyaka ya kasa yi, shi ne tsoro ke neman yi. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina, suna gudun ƴan bindiga, ƙauyukan gundumar Gidan Rumji suka sauke su. Satar shanu da kama mutane don kuɗin fansa suka biyo sawunsu. Wani dattijo mai cinikin bisashe da muka zanta da shi a inuwar gawo ya bayyana mini bambancin a taƙaice: ɗan duwan haraji yake karɓa ya ba ka hanya, ɗan bindiga kuwa da kaya da mai kaya yake tafiya. Ya ce shi kansa ya rage cin kasuwannin nesa, in ma ya je, la'asar ba ta riskarsa a daji. Ka ji, mai karatu, abin da ya kori ayari daga dajin Gazawa ne ya dawo da sabuwar riga.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura, Katsina da Jibiya. Abin farin ciki ne. Amma kafin buhun waken Gidan Sori ko na ayar Agye ya hau jirgi, sai amalanke ya fito da shi daga gona lafiya, sai kamiyo ya kai shi tasha lafiya. Wannan guntuwar hanya ita ce abin dubawa.

Saboda haka muke kira ga mahukunta da sarakunan gargajiya na ɓangarorin biyu da su ɗauki tsaron hanyoyin kasuwannin ƙauye a matsayin aikin tattalin arziki, daidai da shimfiɗa gudro. Manyan ƴan kasuwarmu su ma su tuna cewa madugu bai taɓa barin ƙaramin falke a baya ba. Gadon da kakanni suka bar muna ba gishiri ba ne, ba goro ba: amana ce da hanya mai lafiya. Allah ya tsare muna su.