Abin da Ya Rage a Ceta

Da asubar wata Talata Baffa ya tashi zai yi alwala, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Baki ya karkace, magana ta sarƙe. A gida aka ce iska ce, aka yi tofi, aka turara hayaƙi. Sai da hantsi muka isa asibiti.

Likita ta tambaye mu: "Yaushe rabonku da ganinsa lafiya?" Muka ce tun bayan isha'i. Ta yi shiru. Daga baya na gane dalili: allurar narkar da gudan jini galibi a cikin awa 4 da rabi ake yin ta, kuma wanda ya farka da shanyewar ɓarin jiki daga lokacin kwanciyarsa ake soma masa lissafi.

Idan gudan jini ya toshe jijiya, ƙwaƙwalwa ba ta lalacewa a lokaci guda. Kamar gonar rani ce da aka datse mata ruwa: tsakiya ta bushe, gefe kuwa ya yi yaushi yana rayuwa da danshin maƙwabta. Wannan gefen likitoci ke tseren cetowa. A 2006 likita Jeffrey Saver ya ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa miliyan 1.9 a kowane minti.

Hoton CT na farko aikinsa tabbatar da ko jini ne ya fashe, kuma a awannin farko ba ya cika nuna ɓarnar toshewa. MRI kuwa cikin mintoci yake nuna inda ya riga ya lalace, wani hoton ya nuna duk inda jini ya yi ƙaranci. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da ya rage. Da irin wannan tantancewa binciken DEFUSE 3 da na DAWN suka nuna a 2018 cewa zaro gudan jinin na amfanar wasu marasa lafiya har bayan awa 16, har ma 24.

Baffa CT kaɗai ya samu, shi ma sai da yamma, bayan mun harhaɗa kuɗi. Yau da sanda yake tafiya masallaci, da hagu yake miƙa hannu a gaisa, yana neman afuwa. Duk sanda na karɓi hannun nan, hayaƙin safiyar nan nake tunawa, domin ni na ɗebo garwashin.