Kurmi a cikin kakin zuma

Mu da aka haifa a Sabo, in mun je biki Kano ko Katsina, 'yan kurmi ake ce mana. Mukan yi dariya, amma abin yana ɗan sosa mana rai. Tun 1916 aka yanka wa kakanninmu unguwar nan a Ibadan, amma har gobe in muka ce "gida", Arewa muke nufi. Kurmi kuwa wurin neman abinci ne kawai.

Kwanan baya wata 'yarmu mai karatun zane ta zo hutu da wani faifan katako, ta jingine shi a zaure. Muka taru a kansa. Ba itace, ba ganye, ba tsuntsu. Kore ne kan kore, wani ya yi duhu kamar zai zama baƙi, sai wani ɗan rawaya da ya ratso ta gefe. Wani ya ce ai wannan fenti ne ya zube.

Ashe da kakin zuma ta yi shi, wanda ta saya wurin masu zumarmu bayan sun matse saƙa. Narka shi ake yi da ɗan ƙaro don ya yi tauri, a zuba garin launi, a shafa da zafinsa. In ya daskare a gasa shi da wuta ya kama na ƙasa, a ƙara wani, a kankare da wuƙa har launin da aka binne ya leƙo. Tsohuwar sana'a ce. A Fayum ta Masar an tono irin wannan zane mai shekara kusan 2,000, launinsa bai dushe ba. Malaminmu ya duba, ya ce tunda ba surar mai rai, shi ba shi da ta cewa.

Sai wani dattijonmu, tsohon ɗan goro, ya matso. Ya daɗe shiru.

"'Yar nan, wannan ai gonar goro ce ta bayan Shagamu, da hantsi, bayan an ɗauke ruwa."

Ya ce wadda ya fi sani an sare ta, gidaje ne a wurin yanzu. Muryarsa ta ɗan karye, mu kuma duk muka sha jinin jikinmu, don ba mu taɓa jin ɗan Sabo ya yi kewar kurmi ba.

Ya ce ta sa kuɗi. Ta ce, "Haba Baba, na ba ka." Sharaɗinta ɗaya: kada a bar shi a rana, kada a kai shi kusa da kurfoti. Yana nan rataye a zaurensa, kuma in ka kusanta har yanzu da ɗan ƙamshin zuma.